Na'urar da Ba Ta Kunyar Yaya

Tun da na dawo daga Kudu ban sha shayi cikin salama ba. A majalisarmu ta ƙofar gidan Malam Tanimu kowa da tambayarsa. Wani yana so ya ji ko da gaske ne ruwan sama ba ya ɗaukewa a can, wani ko na ga rijiyar mai da idona. Babu wanda ya tambayi abin da ya kai ni, wataƙila don sun san in na fara bayani sai an kira salla. To, ga shi a rubuce. Wanda ya gaji ya ajiye, ni ba zan gani ba balle in ji haushi.

Sagir ne ya kai ni. Na koyar da shi lissafi da ilimin kwamfuta a kwalejin fasaha, kafin in ajiye alli in koma rubuta manhaja. Haifaffen Fatakwal ne. Mahaifinsa, Alhaji Garba, yana cikin 'yan albasar da suka koma can bayan yaƙin basasa, lokacin da kuɗin mai ya fara zuba, ya sake kafa rumfa a inda ya bar toka. Yanzu da mai ya sake tsada garin ya cika ya batse, Sagir da yayansa Mansur suka buɗe ɗan kamfani, suka rubuta wa ƙungiyar 'yan albasa manhaja. Aikinta bai da yawa. Da mota ta yi lodi a Arewa, sai ta tura wa dillalan Inugu da Anaca da Fatakwal saƙon waya cewa mota kaza na tafe, ga lambar direba, don a tanadi 'yan dako da wurin saukewa. Albasa ba ta jira a Kudu. Danshi ya shige ta, sai bola.

Matsalar ita ce manhajar ta koyi ƙarya. Ƙungiya ta yi haƙuri har ta gaji, ta ce in sabuwar albasa ta shigo aka sake kuskure, za a watsar da ita a koma kiran waya. Alhaji Garba kuwa shi ya tsaya wa 'ya'yansa a gaban ƙungiya tun farko, ya ce a ba su, shi ya ɗauka.

"Malam, mun gyara ya dawo," in ji Sagir a waya. "Mun sake gyarawa, ya sake dawowa."

Na tambaye shi wane irin gwaji suke yi kafin su fitar da sabon aiki. Ya fara kame-kamen nan da na sani tun yana aji, na wanda bai yi aikin gida ba.

Ga waɗanda ba sana'arsu ba, bayanin gajere ne. Manhaja rubutu ce ta mutane da yawa. Kowa ya rubuta nasa ya miƙa, sai wata kwamfuta ta tattara ta ɗinke, ta fitar da abin da jama'a za su yi amfani da shi. Aikina shi ne in sa wa kwamfutar nan jarrabawa, wato ƙananan tambayoyi da za ta riƙa yi wa manhajar da kanta duk sanda wani ya taɓa rubutun. In an ci duka, allo ya nuna kore, kaya su fita. In an faɗi ko ɗaya, ja, ƙofa a rufe. Abin da na daɗe ina yi da jan biro ke nan, sai dai wannan malamin ba ya gajiya, ba a kuma kai masa kaji gida.

Amma ba a tsara jarrabawa daga kan kujera. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka na ce zan ya da zango a Inugu da Anaca, in ji ta bakin waɗanda ƙaryar ta shafa.

Na shiga doguwar bas daga Sabon Gari. Muna barin gari wani mutum mai kwat ya miƙe ya yi mana addu'a mai tsawo, ya ɗaure duk aljanun hanya ɗaya bayan ɗaya. Da aka ce amin sai ya buɗe jaka ya fito da maganin da ke warkar da basir da ciwon ƙoda da rashin sa'a a kasuwa. Na yaba tsarin darasin: shimfiɗa, jigo, sannan aikin gida. Da na ga irinsa ina koyarwa da na aro.

Iyakar gaskiya tsakaninmu da mutanen Kudu ba ta cikin taswira. Tana inda mai tallar bakin hanya ta daina cewa "a sayi gyaɗa" ta koma ɗaga doya sama kamar jariri ranar suna. Can gaba da gadar Makurɗi aka tsayar da mu a wani shinge, wani ɗan sanda ya hango jakata.

"Oga, wetin you carry?"

Na ce kwamfuta ce.

"Where the receipt?"

Ban taɓa sanin ana tafiya da rasit ɗin abin da aka daɗe da saya ba. Ya juya kwamfutar, ya juya ni da ido, ya tambayi aikina. Na duba yanayi na ga tsohuwar sana'a ta fi tsaro, na ce malamin makaranta ne. Fuskarsa ta sauya nan take zuwa irin ta gidan gaisuwar mutuwa. Ya miƙo mini jakar da hannu biyu.

"Teacher. Go. God go help you."

A Inugu na sauka wurin Malam Sule, limamin masallacin zango. Shi ke riƙe da wayar ƙungiya a garin, domin shi kaɗai aka yarda ba zai ɓoye wa wani labarin mota ba. Muka yi gaisuwa irin ta da, wadda ba a barin kowa a baya: gida, iyali, gajiya, ruwa, mutanen Kano baki ɗaya. Ya ba ni ɗakin baƙi a bayan masallaci, mai tabarma sabuwa da sauro tsofaffi. Da safe aka kawo okpa, alalar gurjiya ce a ganyen ayaba, mai nauyi kamar hukuncin alƙali. Na ci ɗaya ban sake tunanin abinci ba sai la'asar. Yaran makarantarsa suna karatu da ƙira'a mai daɗi, da an tashe su kuma sai faɗa ya kaure da harshen Ibo tsantsa, har da riƙe ƙugu.

"In suka yi mini rashin kunya da shi ba na ganewa duka," in ji Malam Sule. "Rahama ce."

Kukansa a kan motar da ke sauke kaya a wuri biyu ne. In mota za ta zube rabi a Inugu ta wuce da rabi Anaca, saƙo sai ya tafi Anaca kawai. Mota ta iso ba 'yan dako, ba wuri, ta yi ta tsayuwa cikin ruwa.

"Na kira Sagir, ya ce an gyara. Kuma an gyara ɗin, Malam, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Sai bayan an kwana biyu abin ya dawo, kamar zazzaɓin da ba a ƙarasa shan maganinsa ba."

A kan tabarmar nan na rubuta gwaji na farko: mota ɗaya, kasuwa biyu, dole saƙo biyu. Na sa masa suna "motar Malam Sule", don duk wanda ya karya shi ya san wa ya bari cikin ruwa.

Anaca ba gari ba ce, kasuwa ce da mutane suka samu wurin kwana a gefenta. Daga tasha na hau okada, wato acaɓarsu, na ce kasuwar Ose Okwodu. Yaron ya bi ta ƙarƙashin wata rumfa, ya bi ta tsakanin tirela biyu, ya bi ta wani wuri da har yau nake zargin falon wani ne. Na sauka da kwamfuta a ƙirji da tunanin sayen wata hula a zuciya, domin tawa ta zauna a hanya.

Mai masaukina Alhaji Ɗan'azumi dillali ne, yana ciniki da Ibo, yana faɗa da Pidgin, yana addu'a da Hausa. Ya kai ni gaida maƙwabcinsa, wani dattijon Ibo mai sayar da manja. Aka kawo goro a faranti. Mu da muke fataucin goro tun kaka da kakanni mun saba a ɓara a jefa baki. Su kuwa sai da aka zagaya da shi kowa ya taɓa, dattijo ya ɗaga shi sama ya yi masa jawabi mai tsawo da harshensu, domin wai goro ba ya jin Turanci. Na ji kunyar duk goron da na ci a rayuwata ban ce masa uffan ba.

Muna zaune wani saurayi da ke yi wa dattijon aiki ya leƙo ya ce, a gaban baƙi, "Oga, that drum wey you buy, na bad one. I tell you that day." Na sunkuyar da kai ina jiran aradu. Dattijon ya ce to a ware ta gefe, ya ci gaba da tauna goronsa. A wurinmu da yaron ya yi kwana uku yana neman hanyar cewa gangar ta ɗan canza, ba tare da an san wa ya sayo ta ba.

Kukan Ɗan'azumi shi ne in mota ta lalace a hanya aka juye kaya a wata, saƙo biyu ke zuwa, na tsohuwar mota da na sabuwa. Ya tara 'yan dakon mota biyu, ɗaya ta iso.

"Ka taɓa sallamar ƙarti majiya ƙarfi da haƙuri, Malam? Gwada a Anaca."

"An taɓa gyarawa?"

"An gyara mana. Ya je ya huta ya dawo."

Na rubuta gwaji na biyu a kan buhun barkono, ina atishawa.

Fatakwal ta tarbe ni da ruwa da cunkoso. Garin yana warin kuɗi da dizal. Otal-otal sun cika da ma'aikatan mai, manyan motoci masu baƙin gilashi suna tsaye cikin layi ɗaya da keke, kowa daidai a gaban go-sulo. A kasuwar Mile One Alhaji Garba ya karɓe ni, dogo, mai ƙarancin magana. Ya ce gidansa gidana, bai ce komai a kan manhaja ba. Da rana aka kawo miya mai wasu ƙananan dodon koɗi a ciki. Babu wanda ya gaya mini tsotsa ake yi a yar da ɓawon. Na tauna ɗaya da dukkan gaskiyata. Haƙorin yana nan, amma ba ma magana da shi kamar da.

Ofishin yana saman wani shagon kifi, ɗaki ɗaya da janareto a baranda. Su uku ne: Mansur, babba, mutum mai kwarjini da saurin hannu, wanda ya rubuta mafi yawan manhajar, Sagir, da wata 'yar garin, Ibinabo, wadda ta yi makaranta da su, tana jin Hausa sarai amma tana amsawa da Pidgin don ta fi sauri.

Na yi kwanaki ina aikin. Na ƙara gwaje-gwaje a kan biyun da na zo da su: lambar direba in an canza shi, mota mai kasuwa uku, motar da aka soke tafiyarta. Na ɗaura su a jikin kwamfutar da ke ɗinke aiki, yadda ba abin da zai fita sai ya bi ta kansu. Muka rataye wani tsohon allo a bango inda kowa ke gani. Na kuma sa in ya yi ja ya rubuta sunan wanda ya miƙa aikin ƙarshe, kamar yadda ake yi ko'ina.

Da Sagir ya ga haka sai ya biyo ni baranda.

"Malam, da za a cire sunan."

"Don me?"

Ya duba ƙofa. A hankali, da kewaye-kewaye irin na ɗan gidan mutunci, labarin ya fito. Mansur yana aiki a kan kwafin da ke kwamfutarsa. In ya yi kuskure, Sagir ba ya iya gaya masa, yaya ne, shi ya ɗauke shi a kafaɗa zuwa makarantar allo. Sai ya jira Mansur ya fita, shi da Ibinabo su gyara a asirce. Mansur bai san an gyara ba. Ranar da ya ƙara wani abu, sai ya ɗauko nasa kwafin, mai tsohon kuskuren a ciki, ya ɗora a kan gyaran. Zazzaɓin Malam Sule ke nan. Na yi tafiya mai nisa ina neman ciwo a cikin lissafi, ashe ladabi ne.

"Ita Ibinabo fa? Na ga mutanen nan ba sa ɓoye wa babba magana."

"Ta so ta faɗa tun tuni. Ni na roƙe ta."

Na ce masa ni baƙo ne, ba zan shiga tsakanin wa da ƙane ba, amma ba zan cire sunan ba. Gwajin da ke kama kuskure ya ɓoye mai shi, aikin asiri kawai zai ƙara musu.

Ranar da labari ya zo cewa motocin farko na sabuwar albasa sun fara lodi, Mansur ya shigo da hantsi da ƙarin da ƙungiya ta nema. Ya miƙa aikinsa, ya juya yana amsa waya. Allo ya yi ɗan tunani. Sai ja. A ƙasa, da manyan baƙaƙe, sunansa.

Sagir ya sami wani abu mai muhimmanci a ƙarƙashin teburinsa.

Mansur ya ajiye waya. "Malam, wannan abin naka ya sami matsala. A kashe shi mu fitar, motoci sun kusa tashi."

"Layi ɗaya ne, in ka ce a kashe yanzu zan kashe," na ce. "Kamfaninka ne. Amma ka fara karanta abin da ya faɗi."

Ya matsa kusa da allon. "Motar Malam Sule." Ya maimaita a hankali. "Mota ɗaya, kasuwa biyu. Wannan ai Malam Sule da kansa ya kira ya ce ya daina. Ni na ɗauka matsalar layin waya ce." Ya juyo. "Wa ya taɓa wurin?"

Sagir bai ɗago ba. Ibinabo ta dube shi, ta dube ni, ta ga ba mai ceto.

"Oga Mansur, no vex. We don fix this thing tire. Any time we fix am, you go carry your old one come cover am."

"Sagir. Haka ne?"

"Yaya, ai ba wani abu ba ne..."

"Haka ne?"

"Haka ne, Yaya."

Na koyar shekaru masu yawa, na ga yadda fuskar mutum ke yi in an mayar masa da takardarsa a gaban aji. Wasu su yaga, wasu su ce malam ba ya son su. Mansur ya tsaya har na fara lissafin motar komawa Kano. Sai ya ɗauki buta ya fita, alhali azahar da saura.

Da ya dawo fuskarsa da danshin ruwa. Bai koma teburinsa ba. Ya ja kujerarsa ya kai ta gefen ta ƙanensa ya zauna.

"Da Baba ya tsaya gaban ƙungiya yana ba da haƙuri, kana kallo, ka san daga ina ne."

"Na kasa, Yaya."

"Ka kasa gaya mini, ka iya barin Baba ya sha kunya. Wannan wane irin ladabi ne?" Ya tura masa kwamfutar. "Nuna mini inda kuka gyara. Da hannuna zan yi."

Suka duƙufa su biyu, ƙane na nunawa da ɗan yatsa, har yanzu yana cewa "wataƙila nan ne, Yaya" a kan abin da ya sani kamar sunansa. Aka miƙa. Ja kuma, wannan karon a kan juyen kayan Ɗan'azumi. Mansur ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya ce na'urar nan ba ta da tarbiyya. Aka sake zama. La'asar ta kusa sanda allon ya yi kore, kuma ban taɓa ganin launin da ya yi mini kyau haka ba, ni da na tashi a gidan rini.

Sagir ya yi ƙarfin hali ya ce ko yanzu a cire sunan, tunda an gane.

"A bar shi," in ji Mansur. "Kai ba za ka iya faɗa mini ba, na sani, haka aka rene mu. To ga wadda za ta faɗa a madadinka. Kai dai in ta yi ja ka matso da kujera."

Na ɗaga tafiyata don in ga isowar motocin. Da safiyar ranar muka tafi rumfar Alhaji Garba a Mile One. Dillalai sun taru, wasu don kaya, wasu don kallo. Alhaji na zaune kan benci da wayarsa a tafin hannu. Motar farko mai zango biyu ce, ta zube rabi a Anaca ta taho da saura. Saƙonta ya shigo tun jiya, guda ɗaya, da lambar direban da ke cikinta. Wani ya kira Anaca a gabanmu, Ɗan'azumi ya ce nasa ya zo, ya sauke, 'yan dakonsa daidai. Ana cikin haka motar ta kunno kai ta cikin cunkoso, 'yan dako na jiranta a wurin da aka share.

Shugaban ƙungiya ya dubi Alhaji ya ce, to, a ci gaba da ta yaran.

Mansur na tsaye a bakin rumfa, taku kaɗan daga mahaifinsa. Shi ne ɗan fari, kuma Alhaji mutumin da ne, bai taɓa kiran sunansa ba, balle ya yabe shi ido da ido. Ya sa wayar a aljihu, ya gyara zaman hularsa, ya juyo wajena, ya ɗaga murya yadda duk rumfar za ta ji.

"Malam, in ka ga wancan, ka ce masa aikin ya yi."

Na juya na isar da saƙon, kalma da kalma, ga mutumin da ya riga ya ji. Duk tsawon aikina ban taɓa miƙa wa kowa sakamakon da ya kai wannan ba.